Lamba Shida: Littafin Horon Wani Yaro a Unguwar Ali Ɗan Sofo, Maraɗi

Asabar, 5 Oktoba 2024

Yau na sanar da yara cewa mun koma tsarin 4-3-3, da mutum ɗaya tak a gaban ƴan baya, wato lamba shida. Wanda zai riƙe wurin shi ne yaron nan da unguwa ke yi wa laƙabi da Kante, sunan wani ɗan wasan tsakiya na Faransa. Don shi na buɗe wannan littafi, in riƙa rubuta abin da muka yi da abin da muka kashe daga yanzu zuwa gasar unguwanni ta hutun Disamba.

Shekararsa 15. Siriri ne, bai kai tsaransa tsawo ba, amma ba ya gajiya. In ya sa ƙafa zai ƙwace tamaula, da wuya ya yi keta, domin yana jira sai mai ita ya tura ta gaba kaɗan sannan ya kai mata. Wannan ba koya masa aka yi ba. Ba ya tsoron manya, ba ya kuma jayayya da alƙalin wasa.

Abin da ya rasa ya fi yawa. Ƙafar hagu ta tsayuwa ce kawai. Idan aka ba shi fasin, bayansa ne ke kallon ragar abokan karawa, sai tamaula ta iso ƙafarsa sannan ya ɗaga kai ya nemi wanda zai ba, kafin nan an rufe shi. Ba ya magana a fili. Babbar matsalar kuwa ita ce wadda ƴan kallo ke yi masa tafi a kanta: duk inda tamaula take, can yake. Gefen dama, gefen hagu, har gaban golan abokan karawa. A wasan yara na unguwa wannan jarumta ce. A lamba shida kuwa ɓarna ce, kuma raba shi da ita shi ne aikin watannin nan uku.

Talata, 8 Oktoba

Gyaran fili. Ruwan ƙarshen Agusta ya yanka kwari a gefen gabas, ya tara rairayi a tsakiya. Mun ɗauko amalanke ya kawo jar ƙasa, jika 4. Yara suka baje da shebur.

Tamaula biyu masu lamba 5, jika 13. Riguna marasa hannu guda goma sha biyu, ja da kore, tela ya ɗinka daga ragowar yadi, jika 6. Alamomin fili mun yanka tsofaffin jarkunan mai, ba a kashe ko dala ba. Takalmin yaron ya buɗe baki ta gaba, an kai wa mai gyara, dala ɗari. Ba zai kai Disamba ba.

An ɗage komawa makaranta zuwa 28 ga wata saboda ambaliyar bana, don haka muna da safiya da yamma har makonni uku. Za mu mora.

Asabar, 12 Oktoba

Mun fara aikin waiwaye. Ga yadda yake: yaron yana tsaye a tsakiya, mai ba shi fasin yana gabansa, ni ina bayansa riƙe da riga ja a hannu ɗaya, kore a ɗayan. Tun tamaula tana hanya sai ya waiga, ya faɗi launin da na ɗaga, sannan ya karɓa. Ja, ya juya dama. Kore, ya juya hagu. In na ɗaga duka biyu, ma'ana akwai mutum a bayansa, ya mayar wa mai ita da taɓawa ɗaya.

Da farko yana waigawa sai tamaula ta wuce ta ƙarƙashin ƙafarsa, yara suna dariya. Daga baya ya gano dabara, yana sauraron motsin rigar maimakon ya duba. Sai na bar riguna na koma yatsu, ya faɗi adadin da na ɗaga.

Wannan ba ƙirƙirata ba ce. Wani mai bincike ɗan Norway, Geir Jordet, ya daɗe yana nazarin yadda manyan ƴan tsakiya ke waigawa kafin tamaula ta iso su, kuma abin da ya nuna shi ne masu yawan dubawa sun fi kai fasin inda ya dace. Duk mai shakka ya nemi bidiyon Xavi ko Busquets, ya bar kallon tamaula ya kalli wuyansu kawai.

Abu na biyu, tsayuwa. Na hana shi karɓa da ƙirjinsa yana kallon mai ba shi. Ya tsaya a karkace, kafaɗa ɗaya wajen ragarmu ɗaya wajen tasu, ya bar tamaula ta ratsa gabansa ya tare ta da ƙafar da ke nesa. Ta haka taɓawar farko ta riga ta juyar da shi gaba. In tamaula ta fito daga hagu lafiya lau, ƙafar nesa ita ce ta dama. Daga dama kuwa dole hagu ta yi aiki, nan ne rikici.

Talata, 15 Oktoba

Zagaye, biyar a waje biyu a ciki, taɓawa biyu. Sannan hagu da bango, minti ashirin. Maƙwabcin da bangon gidansa muke bugawa ya fito ya yi magana, mun koma bangon makaranta.

Lahadi, 20 Oktoba

Wasan sada zumunci jiya da wata ƙungiya daga unguwar Zariya. An ci mu 3 da 1, kuma biyu daga ciki ta ƙofar lamba shida suka shigo.

Na farko, minti kamar na ashirin. Ɗan bayansu na dama ya ɗauko tamaula yana tafe a bakin layi, ɗan gabanmu na hagu yana biye da shi, ɗan bayanmu na hagu yana jiransa. Mutum biyu a kan ɗaya, babu wani haɗari. Sai ga yaronmu ya taso daga tsakiya a guje ya zama na uku. Ya kuwa ƙwace, tamaula ta fita jifa, ƴan kallo suka ɗauki ihu, «Kante! Kante!» Kafin ya komo an yi jifar, an tura wa lamba gomansu, mai shirya musu hari, wanda ke tsaye shi kaɗai daidai inda ya kamata a ce yaron yake. Ya juya, ya duba, har da gyara tsayuwa. Ɗan bayanmu na tsakiya ya ga ba makawa ya fito masa, ramin da ya bari ɗan gabansu ya faɗa ciki. Raga.

Na biyu kusan haka ne, sai dai wannan karon mu ke kai hari. Ƴan bayanmu na gefe duk sun hau, shi ma ya bi su har bakin akwatin abokan karawa. Aka ƙwace, fasin ɗaya, mutum uku nasu a kan biyu namu.

Bayan wasa na zaunar da shi. Ya ce, «Koci, ai na ƙwace.» Na ce ka ƙwace, amma mai gadin da ya bar ƙofa ya bi ɓarawo ɗaya har bayan gari, in ya komo me zai tarar a gidan? Bai ce komai ba, amma na ga bai gamsu ba. Ina ma zai gamsu, mutum ɗari sun yi masa tafi, mutum ɗaya yana yi masa faɗa.

Laƙabin nan ma yana cikin abin da ke ɓata shi, kuma masu kiransa da shi ba su lura da yadda N'Golo Kante ya yi wasa ba. A Leicester da suka ɗauki kofin Firimiyar Ingila a 2016, Drinkwater na gefensa. A Chelsea a 2017, Matic. A Faransa a 2018, Pogba. Kullum akwai wanda ke kusa in ya tafi farauta. Da Sarri ya zo Chelsea a 2018 yana son mutum ɗaya a gaban ƴan baya, Jorginho ya ajiye a wurin, ya tura Kante gaba ta dama. Wanda ya kamata yaron ya kalla shi ne Makelele. Real Madrid ta sake shi a 2003 tana ganin ba ya yin abin burgewa, Chelsea ta ɗauka, a kakar 2004/2005 ƙwallo 15 kacal aka zura musu a wasa 38. Ba shi kaɗai ya yi ba, akwai Terry da Cech, amma shi ne ke tsaye a gabansu, kuma ba ya zuwa ko'ina.

Laraba, 23 Oktoba

Na zana masa gida da toka: faɗinsa faɗin akwatin gola, tsawonsa daga bakin akwatinmu zuwa taku goma bayan layin tsakiya. A wasan atisaye, duk lokacin da ya taka waje ba da izinina ba, abokan karawa sun sami bugun fenareti. Ƙungiyarsa ta sha kashi, abokansa suka yi ta yi masa tsiya. Ya fi faɗana tasiri.

Na kuma nuna masa cewa ana tsare mutum ba tare da an taɓa shi ba. In ka tsaya a kan layin da ke tsakanin mai tamaula da lamba goma, ka kashe lamba goma ko da yana bayanka da taku biyar. Sai dai mutumin yana motsi, don haka waiwayen da muke koyo don karɓar fasin shi ne dai ake buƙata a nan.

Talata, 29 Oktoba

Daren jiya aka ba Rodri na Manchester City kyautar Ballon d'Or, ta gwarzon ɗan ƙwallon duniya, a Paris, ya hau dandamali da sandunan dogarawa saboda jijiyar gwiwa da ya tsinka a wasansu da Arsenal cikin Satumba. Gidan kallon unguwarmu kusan a ba hamata iska, ƴan Madrid na cewa an yi wa Vinicius fashi. Ban shiga gardamar ba. Abin da ya dame ni shi ne yaron yana wurin, ya ga an ɗaga ɗan lamba shida sama da kowa, kuma mutumin da ba gudu ne makaminsa ba. Yau da ya zo atisaye da kansa ya tambaye ni abin da Rodri ke yi da har aka ba shi. Na ce ya je ya kalli wasa ɗaya cikakke, ba guntayen bidiyon da ake yaɗawa a Facebook ba, ya ƙirga sau nawa ya ga mutumin ya zame a ƙasa.

An koma makaranta. Atisaye ya koma bayan la'asar kawai, rana kuma ta fara saurin faɗuwa.

Juma'a, 1 Nuwamba

Bai zo ba. Ranar kasuwa ce, mahaifinsa ya riƙe shi a shago. Litinin ma haka za ta kasance, in ji ƙanensa.

Bayan isha'i na je gidan. Muka gaisa, aka kawo ruwa. Na ce, «Alhaji, alfarma na zo nema wajenku.» Ya ce, «Malam, na san abin da ya kawo ka. Yaro shina lakwal da safe, shina hili da marece, yaushe za shi koyi abin da za shi ci da shi?» Gaskiyarsa ce, ban kuma yi masa alkawarin Turai ba, don ba ni da ita a aljihu. Cikin yaran da ke buga tamaula a garin nan, waɗanda za su kai ko ga ƙungiyar Ɗan Kasawa ko ta Jangorzo ƴan kaɗan ne. Abin da muka daidaita: Litinin da Juma'a na shago ne, ba gardama. Sauran ranaku nawa ne muddin sakamakon makaranta bai faɗi ba. Ya ce in ya faɗi, da hannunsa zai kawo mini takalmin.

Ya rage mana Talata, Laraba, Alhamis da ƙarshen mako. Aikin hagu zai riƙa yi shi kaɗai da asuba.

Alhamis, 7 Nuwamba

Zazzaɓi. Tun Talata na ga yana tsayawa yana riƙe ƙugu, abin da bai saba ba. Jiya aka kai shi likita, gwaji ya nuna na cizon sauro ne. Magani na kwana uku. Na ba da jika 2 cikin kuɗin, mahaifinsa ya cika.

Alhamis, 14 Nuwamba

Ya dawo tun Lahadi yana cewa ya warke, na hana shi. Zazzaɓin nan yana cin jini, yaro zai ji garau a zaune, ya yi gudu biyu ya ga duhu. Wannan makon tafiya da ɗan sassarfa kawai, da fasin a tsaye.

Tunda ba ya iya gudu, na sa shi aikin baki. Ya tsaya a gidansa na toka yayin da sauran ke wasa, ba ya taɓa tamaula, aikinsa kawai ya riƙa kira: «bayanka», «juya», «dama», «dawo». Shi ne ke ganin fili duka a gabansa, ƴan tsakiya biyun da ke gabansa ba su ganin abin da ke bayansu. Muryarsa ba ta fita, kunya ke damunsa, musamman da yake biyu daga ciki sun girme shi. Na gaya wa manyan a gabansa cewa a cikin fili maganarsa tawa ce.

Mena, ƙungiyar ƙasarmu Nijar, ta ci Sudan 4 da nema yau a Lome, a wasan neman shiga gasar cin kofin Afirka.

Talata, 19 Nuwamba

Jiya Mena ta ci Ghana 2 da 1 har gida a Accra. Bai isa ba, Sudan ta yi canjaras da Angola ta wuce da tazarar maki ɗaya. Tun 2013 rabonmu da gasar cin kofin Afirka. Yara sun zo da zafinsu, kowa yana son ya zama ɗan gaba. Atisaye bai yi armashi ba.

Takalmin ya mutu. Na samo wani wajen ƴan bosho, lamba 41, ya ɗan yi masa yawa, jika 7 da rabi bayan ciniki. Safa biyu zai riƙa sawa.

Lahadi, 24 Nuwamba

Tottenham ta ci Manchester City 4 da nema har gidan City jiya, karo na biyar ke nan a jere da aka doke su. Ban ce rashin Rodri ne kaɗai ba, suna da wasu masu rauni, amma duk wanda ya kalla ya ga yadda ake ratsa tsakiyarsu da fasin ɗaya. Na sa yaron ya zo da takarda ya zana inda ramin yake a kowace ƙwallo. Uku ya zana daidai.

Ƙarfinsa ya dawo kusan duka. Hazo ya sauko, da yamma ƙura har cikin haƙora. Na ƙara kuɗin ruwa.

Asabar, 30 Nuwamba

Wasa a filin wata makaranta wajen Sabon Gari, ƙasa mai tauri, ba rairayi. Da gangan na nemi wannan fili, don a irinsa za a yi gasar.

Wanda bai taɓa horar da yara a rairayi ba ba zai gane wannan ba. A filinmu tamaula tana mutuwa da kanta. Ko taɓawarka ba ta da kyau, rairayi zai riƙe maka ita. Fasin ƙasa kuwa ba ya kai taku goma sha biyar sai ka dake shi da ƙarfi ko ka ɗan ɗaga shi, don haka yaranmu duk sun saba da bugun da ya wuce kima. A ƙasa mai tauri sai komai ya juye: fasin ya iso da gudu yana tsalle, taɓawar farko ta yi nisa, lokacin da kake da shi ya ragu da rabi. Minti goma sha biyar na farko yaron ya zubar da tamaula sau huɗu, ɗaya saura ƙiris ta zama ci.

Daga nan ya gyara da kansa, ya koma taɓawa ɗaya zuwa ga wanda ya fi kusa. Ba kyau a ido, amma ya daina zubarwa. Kuma ya zauna a gidansa. Lamba gomansu, wanda na san shi da iya yanka, ya gaji da jira ya riƙa komawa baya har wajen ƴan bayansu yana neman tamaula. A can ba ya cutar da kowa. Aka tashi 0 da 0. Wani dattijo da ke kallo ya ce mini, «Yau Kante bai yi wasa ba.» Na ce haka ne, Baba.

Mun gwada fitowa daga baya da gajeren fasin. Tun 2019 da aka sauya doka, bugun gola ba sai ya fita daga akwati kafin ɗan ƙungiya ya taɓa ba, shi ya sa yanzu ake ganin ƴan baya biyu suna tsayawa a cikin akwati kusa da gola. Wannan ya ƙara wa lamba shida nauyi, domin shi ne fasin na biyu ko na uku, a wurin da in aka ƙwace ba mai ceto. Mun yi sau uku, biyu sun fita lafiya. Na uku ya karɓa bai waiga ba, aka daka masa kafaɗa ta baya, Allah ya sa golanmu ya fito. A gasa ba za mu yi shi ba sai in abokan karawa sun ja baya. Dogon bugu, shi kuma ya tsaya inda tamaula za ta faɗo bayan an sa mata kai. Tsince wannan ta biyun yana cikin abin da ya fi iyawa.

Kuɗin adaidaita zuwa da dawowa, jika 5. Alƙali, jika 2, mun raba da su.

Laraba, 4 Disamba

Dogon fasin daga tsakiya zuwa gefe. Da dama yana kai taku talatin, sai dai yana yi masa tsayi da yawa, kafin ya sauka an isa wurin. Da hagu ba a magana. Mun samu izinin amfani da dandalin siminti na wata makaranta ranar Laraba don ya saba da tamaula mai gudu.

Lahadi, 8 Disamba

Jan kati.

Wasan gwaji na ƙarshe kafin gasa. Katin farko a minti na talatin ba ni da ƙorafi a kansa. Mun rasa tamaula a gaba, ɗan gabansu ya kwaso ta da gudu, mutum uku a kan biyu, yaron ya riƙe masa riga a tsakiyar fili. Doka ta ce wanda ya katse hari mai alamar haɗari da keta a ba shi katin gargaɗi, alƙali ya yi daidai. Manyan masu riƙe wurin nan duk suna yi, Fernandinho da Casemiro sun shahara da shi. Ba na koya wa yara riƙe riga, amma ba zan yi ƙarya in ce ban san dalilin da ya sa ya yi ba.

Na biyun ne abin takaici. Saura minti goma, muna gaba da 1 da nema. Ɗan gefensu yana bakin layi, bayansa na kallon ragarmu, ba inda za shi. Wasu samari a bakin fili suka fara kiran laƙabin nan, suna cewa ya nuna musu. Ya baro gidansa, ya zame da ƙafa biyu a ƙasa mai tauri. Tamaula ya fara taɓawa, amma ya kwashe mutumin. Kati na biyu, waje. Ya kuma ɗaye fatar cinyarsa tun daga ƙugu. Da mutum goma suka rama, aka tashi 1 da 1.

A hanya na bar shi, sai da muka iso unguwa. Na ce mai kati ɗaya a wuyansa wani ɗan wasa ne daban: ba ya zamiya, ba ya sa hannu, yana tsayawa da ƙafafunsa ya kora mutum gefe ya jira taimako. Kuma zamiya ko ba kati ita ce dabara ta ƙarshe, don in ka kuskure kana ƙasa, mutumin ya tafi. Ya ce, «Koci, na ji suna kirana ne.» Na ce na sani, ni ma na ji.

Tunda wasan sada zumunci ne, katin ba zai bi shi gasa ba. Maganin ciwo da bandeji, dala ɗari da hamsin.

Alhamis, 12 Disamba

Wani mutum ya zo fili da babbar waya, ya ce yana kai yara gwaji ƙasashen Larabawa. Ɗan gabanmu ya zo gani, amma ya tambayi yaron ma. Sharaɗinsa: iyaye su biya kuɗin hanya da na takardu, kuma a sake takardar haihuwa a rage shekara biyu. Na ce ya nuna mini takardar gayyata daga ƙungiyar da zai kai su da shaidar cewa FENIFOOT, hukumar ƙwallon ƙafa ta Nijar, ta san da shi. Ya ce zai kawo. Na riga shi zuwa wajen iyayen duka biyu.

Rage shekaru ma ya daina zama dabara. Tun gasar duniya ta ƴan ƙasa da 17 da aka yi a Najeriya a 2009 ake ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu don tantancewa, an kuma sha sallamar yara daga sansani saboda shi. Ga yaron da shekararsa ta gaskiya 15, ba abin da zai ci da ƙarya sai zubar da abin da yake da shi.

Talata, 17 Disamba

Yana kukan gwiwar dama, daidai ƙashin da ke ƙasan ƙoƙon, wurin ya ɗan kumbura. Ma'aikacin lafiyar da ya duba ya ce irin ciwon nan ne na yara masu tsawo da sauri, jijiya ke jan ƙashin da bai gama ƙwari ba, ƙasa mai tauri kuma tana ƙara shi. Wandonsa ma ya nuna ya ƙara tsawo tun Oktoba. An dakatar da dandalin siminti da tsalle. Ƙanƙara bayan atisaye, miƙe cinya safe da yamma. Zai buga gasa, amma ba wasa biyu a jere ba.

Lahadi, 22 Disamba

Wasan farko na gasa, mun ci 2 da 1. Na ba wani ƙanena takarda ya riƙa yi masa alama: fasin 31, 26 sun isa. Ya tare fasin abokan karawa sau biyar, bai zame ko sau ɗaya ba, ba kati. Ƙwallonmu ta biyu daga wajensa ta faro. Ya waiga tun tamaula tana hanya, ya ga ɗan bayanmu na dama ya hau, ya karɓa a karkace ya tura masa da taɓawa ta biyu. Ƙwallon da aka ci mu daga bugun kusurwa ne, mutumin da yake tsaro ya fi shi tsawo da kai guda. Laifin rabon mutane ne, za a ba shi bakin akwati daga yanzu.

Fasin biyar da suka ɓace, huɗu da hagu ne. Baki har yanzu sai an matsa. Na cire shi saura minti goma sha biyar saboda gwiwa.

Talata, 24 Disamba

Lissafi tun Oktoba: ƙasa da kayan atisaye jika 23, takalmi da gyaransa jika 8, magani kusan jika 3, hanya da alƙalai jika 14, ruwa kimanin jika 9, rajistar gasa jika 10. Jimla jika 67. Iyayen yara sun haɗa jika 21, wani mai shagon kayan babur ya ba da jika 15, sauran daga aljihuna.

Ba zai buga wasan Alhamis ba, sai na Lahadi. Wanda zai riƙe wurin bai iya shi kaɗai ba, don haka ranar za mu koma 4-2-3-1 da mutum biyu a gaban ƴan baya.

Bayan gasa, Janairu da Fabrairu: hagu kullum, dogon fasin mai ƙasa-ƙasa, da sa kai, wanda ba mu taɓa ba tukuna. Ina son in gwada shi wasa biyu ko uku a cikin manyan unguwa, inda ba zai iya dogara da gudu ba. Sakamakon zangon farko na makaranta zai fito bayan hutu, sai na kai wa Alhaji da kaina kafin a ci gaba. Ana kuma buƙatar tamaula biyu sababbi, ɗaya ta fashe ranar Asabar.